Kwalba Mai Lamba Sha Bakwai

Litinin, 9 ga Afrilu, bayan azahar

Wannan littafin na rubuta masu awon ciki ne, amma shafukan baya babu komai, ni kuma ba ni da wanda za ni gaya wa. Malam, maigidana, ya tafi cin rani kudu tun da munka share rumbu, gidan daga ni sai awaki biyu. Shekara goma sha tara ina aiki a ɗakin shan magani na Tozai, ban taɓa ganin mura cikin bazara irin ta bana ba. Rana kamar ta gasa mutum, rijiya sai an ƙulla igiya biyu kafin guga ya taɓa ruwa, ga mutane sai tari da majina. Daminar bara ta ɗauke tun gero bai cika ido ba, kowa jikinsa ya riga ya sake.

Lawwali ya zo daga Isa da kular ƙanƙara ɗaure bayan babur. Shi ne mai bin diddigin cututtuka a yankinmu, mutumin kirki, sai dai surutu. Ya kawo 'yan kwalabe ishirin, kowace da ɗan ruwa a ciki da tsinke mai auduga. Duk mai zazzaɓi da tari a zura masa tsinke a hanci, a jefa a kwalba, a rubuta suna da gari. Na ce, "Lawwali, mutane na biɗar gero, ku kuna biɗar majina?" Ya yi dariya ya ce Laraba da safe zai dawo ya ɗauka, in dai kula masa da ƙanƙara.

Talata, 10 ga Afrilu, hantsi

Sha shida na yi tun safe. Yara na kuka, tsofaffi na zagi, wani dattijo ya yi mini atishawa a fuska ya ce alhamdu lillahi. Ta sha bakwai Mairama ce, maƙwabciyata, katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta ya rasu shekara uku ke nan, ƙwan kajinta ke ciyar da ita da yara huɗu. 'Yar mura ce gare ta, ba wani abu ba. Na riga na rubuta sunanta jikin kwalba da kan takarda, sai ta ga tsawon tsinken. Ta ce, "Hajo, wanga abu har ina zai shiga?" Na nuna mata. Ta ce, "La ilaha! Ki tsokale mini ƙwaƙwalwa saboda majina? Na warke." Ta suri takalmanta a hannu. Mun yi dariya har da hawaye. Na jefa kwalbar cikin jakata, da niyyar in ta huce in lallashe ta.

Talata, azahar

Mai babur ya kawo saƙo daga Kurawa. Inna ta ce a gaya mini mutuniyar tana kwance kwana uku.

Ta wurin Inna. Wadda na fara haifa. To, ga shi na rubuta, ya isa.

Ranar da anka yaye ta Inna, mahaifiyata, ta goye ta ta tafi da ita, kamar yadda ake yi. Shekararta ishirin da biyu, tana aure can Kurawa gidan Illo, da ciki wata shida. Ban taɓa kiran sunanta ba, gaban mutane ko bayan idonsu. Sunan uwar Malam ma anka sa mata, kunya ta zama biyu. Ita kuma Yaya take ce mini. In an ce ɗiyar fari ba lafiya, uwa sai ta ce Allah shi sawwaƙe, ta ci gaba da dakanta. Haka na ce wa mai babur. Sannan na shiga ɗakin magani na tura ƙofa.

Inna ba ta aike don ciwon kai.

Laraba, 11 ga Afrilu, bayan asuba

Na tafi jiya da la'asar. Na ce wa mutane man zafi za ni kai wa Inna saboda gwiwarta.

Tun daga ƙofar gida gashin kaji ne ko'ina. Inna ta ce kwana goma ke nan suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, tukkunsu ya yi baƙi, sai a yi maza a yanka tun da sauran rai. A shekara irin wannan wa zai binne nama? Na ce wa ke figa? Ta nuna ɗaki da haɓa.

Tana kwance kan tabarma, numfashi sama-sama. Na zauna bakin ƙofa, ina kallon bango. Na ce, "Inna, tambaye ta ko ƙirjin na ciwo." Inna ta tambaye ta. Ta ce yana yi. Na ce, "Inna, tambaye ta ko abin cikin na motsi." Taku biyu ne tsakanina da ita, ni da nake karɓar haihuwar matan gari guda, amma sai da tsohuwa mai rabin ji ta yi mana tafinta. Wallahi abin ya ba ni haushi, kuma ban san wanda za ni ji haushinsa ba.

Da Inna ta fita ɗebo ruwa na yi wuf na durƙusa. Na aza hannu a goshinta, kamar garwashi. Ta buɗe ido ta ce, "Yaya, mi ne ne?" Na ce, "Rufe baki, ɗaga kai." Na zura tsinke na fidda. Na ciro sabuwar kwalba da biro. Wurin suna na kallona, ina kallonsa. Hannuna ya ƙi. Ga shi Kurawa ba yankina ba ce, ƙasar Sabon Birni ce, dole Lawwali ya tambayi abin da ya kai ni, dole in yi bayani da bakina. Ina jin takun Inna na dawowa. Sai ga kwalbar Mairama a gindin jaka, da suna da gari a rubuce, ba abin da ya rage sai tsinke.

Na jefa a ciki na murɗe.

Na bar mata maganin zazzaɓi da na ƙirji. Ni dai so nake a duba a gaya mini ko mi ne ne, in san abin da za ni ba ta. Ba wanda zai cutu.

Laraba, hantsi

Lawwali ya ɗauka. Ya ƙirga sha bakwai ya ce, "Malama Hajo, ba ki da na biyu."

Lahadi, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Saƙon Inna: ta tashi, ta sha kunu, har ta yi wanka. Illo zai kora 'yan shanunsa su bi gulbi arewa, inda aka ce akwai sauran ɗanyen haki kusa da iyaka, don dusa ta gagara kuma biyu sun riga sun kwanta. Da ita za a tafi, wa zai dafa masa? Na so in ce a bar ta ta ƙara ƙwari. Ba maganata ba ce.

Na yi wa awakina waƙa yau, kamar wata taɓaɓɓiya.

Laraba, 18 ga Afrilu, azahar

Lawwali ya kira, muryarsa ba wasa. Ya ce an duba a ɗakin gwaji. Sha shida murar da aka saba ce. Ta sha bakwai mura ce, amma ba ta yi daidai da ko ɗaya daga cikin irin da sunka sani ba, an wuce da ita babban wuri inda za a karanta ta dalla-dalla. Ya ce, "Wace ce Mairama?"

Na ce, "Maƙwabciyata ce."

Ban yi ƙarya ba.

Alhamis, 19 ga Afrilu, magariba

Ban faɗa ba.

Asabar, 21 ga Afrilu, bayan azahar

Sun zo da farar mota. Lawwali, da wata likita daga Sakkwato, Dakta Kadijatu, doguwa mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Sun sa fararen riguna har kai, da takunkumi da safar hannu. Rabin Tozai ya biyo mu ƙofar Mairama.

Da anka yi mata bayani sai ta yi dariya. Ta ce, "Ni? Ai ni gudu na yi! Ba abin da ya shiga hancina." Lawwali ya ce, "Haba baiwar Allah, ba kama ki za a yi ba, kowa haka yake cewa in ya tsorata." Ta juyo gare ni. "Hajo, faɗa musu mana. Ba kin ga har takalmi na riƙe a hannu ba?"

Likita na kallona ta bayan tabarau. Mutane na kallona. Na duƙar da kai na ce, "Kwalba dai ga sunanta."

Ya Allah. Ni Hajo na faɗi haka.

Mairama ta ɗauke ido daga kaina. Ta zauna, ta ɗaga kai, anka zura mata tsinken da ta guda, anka ɗebi jininta da na yaranta. An ce kar su fita kwana goma.

Ga abin da nake gaya wa kaina. Ta wurin Inna ta warke, to mi za a je a yi mata? In na faɗa za a bi su daji da farar mota, a taɓa shanun Illo, danginsa su ce uwar matarsa ta jawo musu hukuma. Za a ce Hajo ta ruga wurin ɗiyar fari kamar marar kunya. Za a kore ni aiki, a shekarar da aikin ga ne kaɗai tukunyarmu. Duk na jera su, duk gaskiya ne, kuma na ture kwanon tuwo ban ci ba.

Lahadi, 22 ga Afrilu, hantsi

Ma'aikatan dabbobi sun kwashe kajin Mairama, sun haƙa rami bayan gari. Lafiyayyu, har da mai kwanci. Ina jin kukansu ta kan katanga, ina jin ƙaramar ɗiyarta na cewa a bar mata ja ɗin.

Na miƙa kwanon gero ta saman katanga. An maido shi yadda yake.

Talata, 24 ga Afrilu, bayan la'asar

Dakta Kadijatu ta biyo ta duba su Mairama, ta zauna ƙarƙashin dalbejiyar ɗakin magani ta sha ruwa. Na yi ta maza na ce, "Likita, wai karatun mi ake yi wa majina?"

Ta ce, "Malama, ƙwayar cutar mura ido bai ganinta, amma akwai rubutu a cikinta. Takarda takwas ce, ba ɗinki. Haruffa huɗu kacal ake ta jujjuyawa, in an haɗa sun fi dubu goma sha uku. Akwai injin da ke karanta su ɗaya bayan ɗaya. In an gama sai a aza kusa da na wasu wurare, a ga wa ta gada, daga ina ta taso."

Sai na tuna littattafan babanmu, Allah shi jiƙan shi. Warwara suke cikin gafaka, ba ɗinki. In ɗalibai biyu sunka zauna tabarma ɗaya iska ta taso, sai takardun wannan su shiga na wancan. Baba kuwa kallo ɗaya zai yi ya ce wannan hannun wane ne, mayar masa. Na gaya mata.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Shi ne abin da muke tsoro. In ta tsuntsaye da ta mutane sunka haɗu a ƙirji ɗaya, suna iya musayar takarda. Abin da zai fito ba wanda ya san halinsa."

Na ce, "In mai ita ta warke fa?"

Ta ce, "Wani lokaci sauƙi ne na kwana kaɗan, sai huhu ya ruɓe daga baya. Balle mai ciki ko mai yunwa. Allah ya taimake mu Mairama ba ta da ciki."

Na ce za ni duba tukunya. Babu wata tukunya.

Laraba, 25 ga Afrilu, bayan asuba

Wayar Illo ba ta shiga. Sau goma sha ɗaya.

Laraba, azahar

Ba ta shiga.

Alhamis, 26 ga Afrilu, la'asar

Wani mai sayen fatu da ya fito arewa ya biya ta wurin Inna, Inna ta aiko. Ya ce ya ga Illo a wani mashekari, zangon masu shanu, bakin gulbi, matarsa na kwance, tari har da jini. Bai san sunan wurin ba, ya ce masu shanu sun cika gulbin tun daga nan har iyaka.

Ina jin tsoro. Ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da na haife ta.

Juma'a, 27 ga Afrilu, magariba

Na rufe ɗakin magani na hau bayan mai babur, na ce za ni gaisuwar mutuwa. Mun wuce Sabon Birni mun bi yashin gulbi. Ba ruwa ko na alwala, sai ramukan da anka tona cikin rairayi, mata na kwarfa da ƙoƙo. Mushen shanu har mun bar toshe hanci. Bukkoki rukuni-rukuni, sun fi ƙarfin ƙirga.

Ina tambaya, "Ina matar Illo na Kurawa?" Wata ta ce Illo uku ta sani, wane? Wata ta ce, "Mi ne sunan matar? Mu mata da suna muka san juna." Na buɗe baki. Na ce doguwa ce, tana da ciki. Ta ce, "Baiwar Allah, kin zo biɗar mutum ba ki san sunanta ba?"

Man babur ya kusa ƙarewa, munka juyo.

Asabar, 28 ga Afrilu, hantsi

Mata sun hana yaran Mairama jan ruwa. Wai guganta kar ya taɓa rijiya. Na ja tulu biyu na aje ƙofarta ban yi sallama ba. Wannan karon an ɗauka, ƙishirwa ba ta bar ta ta yi fushi ba.

Lahadi, 29 ga Afrilu, azahar

Hadari ya haɗu gabas, kowa ya fito yana kallo. Ya watse.

Gobe za ni faɗa. Jiya ma haka na ce.

Litinin, 30 ga Afrilu, bayan la'asar

Ban ma samu na fara ba. Dakta Kadijatu ta zo da Lawwali tun hantsi, ta ce a rufe ƙofa. Ta shimfiɗa takarda kan teburin awo. Zane ne kamar itace mai rassa, kowane reshe da ɗan rubutu a bakinsa.

Ta ce, "An gama karantawa. Ga ta sha bakwai nan." Ta aza yatsa. "Wannan da ke manne da ita, kazar da ma'aikatan dabbobi sunka ɗauko a mace ce. Sun bi garuruwa da dama. Harafi biyu ko uku ne kawai ya raba su, uwa ɗaya uba ɗaya ke nan. Kin san daga ina kazar ta fito? Kurawa. A Tozai ko kaza ɗaya ba a samu da ita ba, har na Mairama. Jinin Mairama bai taɓa gamuwa da cutar ga ba, kuma ta rantse rabonta da Kurawa tun auren ƙanwarta."

Ta ɗago ta dube ni. Fanka ba wuta, gumi na bin bayana.

"Jikin kwalba an rubuta Tozai, cikin kwalba an rubuta Kurawa. Na cikin ba hannun mutum ya rubuta ba. Malama, hancin wa ne?"

Abin da ido bai gani ya faɗi garinsu da danginsa, ni da baki da ilimi na kasa.

Na ce, "Ta wurin Innata ce."

"Wa ke nan?"

"Ɗiyata." Ban san muryata ba da ta fito.

"Sunanta?"

Na dubi ƙasa. Lawwali ne ya gane, ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Likita, ta fari ce."

Na zaci za ta yi mini ihu, da ma ta yi. Sai ta ce, "Ni ma ta fari ce. Har yau uwata 'ke wance' take ce mini, kuma ban taɓa jin haushi ba. Amma kwana goma sha biyu, Malama! Tun ranar da Lawwali ya kira ki. Kina ma'aikaciyar lafiya." Da na ce tana da ciki, tana tarin jini, kuma ban san inda take ba, sai ta miƙe tsaye ta fara kiran waya. Gobe da asuba za mu biya Kurawa, Lawwali ya karɓi sunan nata daga bakin Inna.

Litinin, magariba

Na tsaya ƙofar Mairama na faɗa mata duka, daga waje, da ƙarfi, don maƙwabta su ji su bar yaranta su sha ruwa. Ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito ta ce, "Na sani tun ranar da kinka duƙar da kai. Abin da ban sani ba, don wa. Da kin zo kin ce Mairama ara mini sunanki, wallahi da na ba ki." Na fara kuka. Ta ce, "Kar ki yi mini kuka a ƙofa. Tafi ki biɗo ɗiyarki. Maganata da ke sai kin dawo, kuma ban yafe ba tukuna."

Laraba, 2 ga Mayu, hantsi, Sakkwato

Jiya ba hannun rubutu.

Labarin kajin Tozai ya riga mu isa gulbi. Da ganin farar mota sai mata su shige bukka, maza su tare mu da sanduna a kafaɗa, da ladabi, su ce ba Illo a nan, ba marar lafiya a nan, ku gwada gaba. Mashekari shida haka. Lawwali na tsayawa ya kira sunan da Inna ta ba shi, har muryarsa ta dushe. Wace matar aure za ta amsa kiran baƙon namiji mai rufaffiyar fuska?

A na bakwai, rana ta take tsaka, na hango wata saniya mai karyayyen ƙaho ɗaure a turke. Na san ta. Inna ce ta ba ta ita ranar aure. Na gaya wa likita. Maza sunka ce saniyar saye anka yi. Bukkoki sun kai talatin, kowace a rufe da tabarma, ba mu da ikon ɗaga ko ɗaya.

Likita ta juyo. Kallona kawai ta yi.

Na sauka daga mota. Na ja takunkumi ƙasa don su ga fuskata. Na hau gaɓar gulbi. Mutane sun fi hamsin, har da tsofaffin Kurawa da sunka san ni tun ina tallan fura. Na farko bai fito ba, iska ce kawai. Na biyu ya fito kamar kukan akuya. Na uku na ware murya har ƙirjina ya yi zafi, na kira, na ƙara da cewa, "Ni ce! Uwarki ce!"

Wata tsohuwa ta kama baki ta ce, "Subhanallahi, da bakinta."

Na kasa kunne. Har kukan ƙuda ana ji. Sai daga can bukka ta ƙarshe, wata 'yar murya kamar ta jinjiri ta ce, "Na'am."

Tabarma ta ɗaga, Illo ya fito ɗauke da ita a hannu, yana hawaye, bai iya duban inda nake ba. Ba nauyi gare ta, sai cikin.

Laraba, la'asar

Ɗaki ita kaɗai. Roba a hanci, ruwa a hannu. Sai na sa farar riga har kai ake barina in shiga. Ba ta san wanda ke kanta ba.

Alhamis, 3 ga Mayu, azahar

Cikin bai tsaya ba. Namiji ne.

Juma'a, 4 ga Mayu, bayan asuba

Na tambayi wani likita, da an kawo ta da wuri fa? Ya ce, "Hajiya, bar wannan tambayar." Na fahimta.

Kwana goma sha biyu. Ina ta ƙirga su a yatsa, gaba da baya, ba su raguwa.

Asabar, 5 ga Mayu, la'asar

An gwada Illo da Inna da mutanen mashekari da ni. Ba wanda ya kamu. Dakta Kadijatu ta ce da alama cutar ba ta iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba, amma akwai takarda ɗaya cikin takwas ɗin da har yanzu suke gardama a kanta, za su sake karantawa. Ta kawo mini takardar tuhuma daga ofis, in amsa cikin mako guda. Na karɓa da hannu biyu. Ta ce, "Da ba ki ɗauki majinar ba, da ba mu san da ita ba sam. Za ni rubuta wannan. Ɗayan ma za ni rubuta." Na ce daidai ne.

Zazzaɓin bai sauka ba. Ya Allah, ka ɗauki aikin, ka ɗauki awakin, ka bar mini ita.

Lahadi, 6 ga Mayu, hantsi

Ya ɗan sauka.

Litinin, 7 ga Mayu, bayan azahar

Ta buɗe ido da safe. Ta sha ruwa cokali huɗu. Ta shafa cikinta, ta dube ni, na girgiza kai. Ta juya fuska bango, na bar ta. Na so in ce laifina ne. Za ni faɗa mata duka in ta yi ƙarfi, da kwalbar da kwanakin, ko da za ta bar gaishe ni.

Can an jima, ba ta juyo ba, ta ce, "Yaya."

Na ce, "Ina ji."

"Ran nan a gulbi, da anka kira ni, na aza na mutu ne. Na san sunan, na san muryar, amma ban taɓa jin su tare ba."

Na gyara mata zane.

Ta ce, "Sake faɗi."

Kai, hali! Sai da na waiwaya na dubi ƙofa ko akwai mai ji. Sannan na duƙa daidai kunnenta na faɗa. Ta rufe ido, ta riƙe mini yatsa ta cikin safar roba har barci ya ɗauke ta.

Da azahar Lawwali ya shigo da sabuwar kwalba, za a sake ɗauka a ga ko cutar ta fita. Ya ciro biro zai cika takarda, don ya raga mini. Na ce, "Ba ni nan." Harafin farko ya karkace, amma yana karantuwa. Bari in sake shi a nan, inda ba wanda ya tilasta ni.

Gari, Kurawa. Suna, Zainaba. Ɗiyata Zainaba.